Zuwa ga Edita: Faranti daban, jikin mace daban

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni malamar makaranta ce a nan Maradi, shekara 23 ina koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan labarin da kuka buga kwanakin baya, mai kanun cewa masana sun gano sinadarin da ke kashe sankarar mama. Kun ce daga wani ganye aka tatso shi, yana toshe wani anzim, kuma ya hallaka ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji. Ban ce kun yi ƙarya ba. Sai dai labarin ya shigo gidanmu ta ƙofar da ba ku zata ba, kuma ina so ku ji abin da ya tarar a ciki.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 58. Shekara biyu da suka wuce ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, bai fi ƙwayar gujiya ba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Ta ja bakinta ta yi shiru har wata takwas. Tsoro ne ya hana ta magana, don tun muna yara muke jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Ranar da ta kira ni ɗaki ta ɗaga mayafi, abin ya kai lemun tsami, ga kaluluwa a hammata. Daga nan muka kama hanya. Aka tsakuri ɗan nama da allura aka aika gwaji, muka yi sati bakwai muna jiran takarda. Aka yi aiki aka cire maman. Aka yi mata ƙarin ruwan nan da ake kira shimiyo har gashin kanta ya zube. Muka yi ta safa da marwa a hanyar Yamai, fiye da kilomita 600, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, aka gasa wurin da haske. Jajayen awakinta huɗu da ƴar gonar aya da ta gada duk sun tafi a kuɗin mota da masauki da magani. Da aka gama, likita ya rubuta mata wata ƴar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, sunanta letrozol. Ya ce kullum ɗaya, har shekara 5, ko ta ji garau kada ta kuskura ta bari.

Ni ke saya mata duk wata, saboda haka na san lissafinta. Ranar wata Asabar bayan la'asar na je gidanta a Bagalam, na buɗe kwallar da take ajiye magani don in sa sabon kwali, sai na ga katin watan jiya da ƙwaya goma sha ɗaya a jere, ko ɓantara ba a yi ba. Kusa da su ga wata ƙullin leda, da gari a ciki mai ruwan ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin busasshen ganye.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Auta, ki ƙyale ni. Ƙwayar nan ta cinye mini gwiwoyi, salla ma a zaune nake yi. Da safe yatsuna ba su lanƙwasuwa sai na tsoma su a ruwan zafi. Ga shi jarida ta ce Turawan da kansu sun gano maganin a ganye yake. To ganyen ne wannan."

Ashe wani mai sayar da gari ne ya ɗauki hoton shafinku, ya haɗa da muryarsa ya saki a WhatsApp, yana cewa ga shaida daga ɗakin gwaji. Jikanta ya kunna mata, ta ba da jaka goma sha biyar aka karɓo mata. Malam Edita, na zauna a bakin gadonta na kasa cewa komai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan ƴar ƙwaya da ta ture gefe, ita ce ainihin mai toshe anzim ɗin, wadda ta ƙetare kowane gwaji, ta isa hannunta bayan wahalar mutane ta shekaru masu yawa. Ta saki reshe ta kama ganye, kuma da sunan kimiyya aka sa ta saki.

Bari in faɗi mene ne anzim, yadda nake faɗa wa ɗalibaina, don kalmar ce ta rufe wa mutane ido. Duk shekara nakan aiki yaro wurin mahauci ya sayo ɗanyar hanta ta dala hamsin. Mu raba ta biyu, mu dafa rabi. Sai in zuba ruwan wanke ciwon nan da ake kira oksijene a kofin gilashi biyu. In na jefa ɗanyar, nan take kumfa ta taso ta cika kofi har ta malalo a tebur, aji ya ɗauki sowa. In na jefa dafaffiyar, tsit, ko motsi. Ruwa ɗaya, hanta ɗaya. A cikin ɗanyar akwai wani ɗan ma'aikaci da ido ba ya gani, mai farfasa ruwan nan cikin ƙiftawar ido, a dafaffiyar kuwa wuta ta riga ta lalata shi. Wannan ɗan ma'aikaci shi ne anzim. Irinsa dubbai ne a jikin mutum, kowanne da aikinsa. Na cikin miyau shi ke sa in ka daɗe kana tauna biredi ka ji ya fara zaƙi. Na cikin ruwan tumfafiya shi ke daskarar da madara a hannun masu yin cuku.

Nakan ce wa yara su ɗauke shi kamar injin niƙan unguwa. Hatsi ya shiga ta sama, gari ya fito ta ƙasa, injin kuwa yana nan daram yana jiran ƙwarya ta gaba. In kana so gari ya daina fita, sai ka nemo abin da zai shige bakin injin ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Magunguna da yawa haka suke aiki. Asfirin anzim yake toshewa, wanda ke haɗa sinadarin zogi da kumburi, kuma sai a 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano haka, alhali an yi shekaru sama da 70 ana shan sa. Penisilin yana toshe anzim ɗin da ƙwayar cuta ke gina katangar jikinta da shi. Amma fa piya-piya ma, da ake zuba wa ƙwari, toshe anzim ne aikinta, na cikin jijiya, kuma mutum ma yana da irinsa, shi ya sa take kashe yaron da ya kurɓe ta. Saboda haka in an ce maka abu yana toshe anzim, ba a gaya maka komai ba tukuna. Wane anzim? Na wa? Da wane awo? Me da me kuma ya toshe a kan hanyarsa?

Ƙwayar Yaya tana da amsar kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan, kuma asalinta zai yi wa mutanenmu masu kiwo daɗin ji, don daga dabbobi maganar ta faro. Wani likitan fiɗa a Glasgo ta ƙasar Sikotland, George Beatson, ya lura da tumaki, ya kuma ji daga makiyaya cewa saniyar da aka cire wa gidan ƙwai bayan ta haihu ba ta saurin ƙafewa. Ya gane cewa akwai wata magana tsakanin gidan ƙwai da hantsa. A 1896 ya ba da rahoton matan da sankarar mama ta ci ƙarfinsu, ya cire musu gidan ƙwai, ƙarin ya motse a jikin wasunsu. Daga baya aka gano mai kai saƙon, wani sinadarin mata ne mai suna estirojin. A ƙasashen Turawa, kimanin bakwai cikin goma na sankarar mama da wannan sinadari take ƙiba, kamar yadda ciyawa ke ƙiba da taki.

To in mace ta manyanta al'ada ta ɗauke, gidan ƙwai ya daina aiki, amma estirojin bai ƙare ba. Akwai wani anzim, aromatas, a cikin kitsen jiki, har ma a cikin ƙarin kansa, da ke karɓar wani sinadari dabam ya juya shi ya zama estirojin. Ga injin niƙan da ake nema. Wata masaniya haifaffiyar Ingila da ta yi aikinta a Amurka, Angela Brodie, ta duƙufa a kansa tun farkon shekarun 1970, ta haɗa sinadari mai kama da hatsin da injin ya saba karɓa, wanda in ya shiga sai ya maƙale. Ta gwada a kwalba, ta gwada a ɓeraye. Kamfanonin magani ba su kula ta ba da farko. Sai a farkon shekarun 1980 aka fara yi wa wasu mata ƙalilan allurarsa a Landan, kuma bai shiga kasuwa ba sai a shekarun 1990. Bayansa ne aka samu na haɗiya: anastrozol ya samu izini a Amurka a 1995, letrozol a 1997. Ko a nan ba a tsaya ba. A 2015 aka tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi da mata kusan 32,000, aka ga cewa shan irin wannan ƙwaya shekara 5 yana rage mutuwa daga cutar da kimanin kashi 40 cikin 100 a cikin shekara 10, in aka gwada da wadda ba ta sha komai irinsa ba. Daga tumakin Beatson zuwa kwallar Yaya, sama da shekara 100. Ciwon gwiwar da take kuka da shi ma an san shi, an rubuta shi, an san yana iya sa ƙashi ya yi rauni, an san abin da ake yi a kai. Wa ya san abin da garin cikin leda ke yi wa hanta ko ƙoda?

Yanzu ga abin da ake nufi da "an gwada a ɗakin gwaji". Ina da wani tsohon ɗalibi da ke karatun digiri na biyu a waje, irin wannan aiki yake yi, kuma yakan turo mini hotuna don in nuna wa aji. Farantin roba ne mai haske, bai fi tafin hannu ba, da ramuka 96 a jere kamar gurabun dara. A kowane rami ana zuba ɗigon ruwa mai ruwan hoda da ƙwayoyin sankara a ciki, a sa a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Washegari a ɗiga sinadarin da ake gwadawa, wannan layi kaɗan, wancan da ɗan yawa, na gaba fiye da haka. Bayan kwana biyu ko uku a ƙara wani rini mai ruwan ɗorawa. Ramin da ƙwayoyinsa ke raye sai ya rikiɗe ya koma shunayya, wanda suka mutu ya tsaya fayau. Inji ya auna launin, a fitar da lamba guda: awon da ya rage su da rabi. Wannan lamba ita ce kan zama takardar bincike, takardar kuma ta zama kanun jarida.

Su waɗanne ƙwayoyi ne a ramukan? Mafi shahara ana kiran su MCF-7. A 1970 aka ɗebo su daga ruwan da ya taru a ƙirjin wata mata ƴar shekara 69, mai hidimar coci, a birnin Ditroit na Amurka. Allah ya yi mata rasuwa tuntuni, amma ƙwayoyin suna nan suna hayayyafa a ɗakunan gwaji na duniya sama da shekara 50. Sun yi wa ilimi hidima mai girma. Sai dai a kwance suke a gindin roba, shimfiɗa ɗaya, ba jini ba fata ba ƙashi, sinadari na zuba a kansu kai tsaye. Ɗalibin nawa ya ce in sun gama aiki, da ruwan jabel, wanda ake faranta tufafi da shi, suke kashe sauran kafin su zubar, kuma ba ya barin ko ɗaya. Jabel na kashe sankarar mama a faranti fiye da kowane magani, amma ba mai hankalin da zai ba uwarsa ta sha. Wasu binciken ma ba su kai ga faranti ba, a kwamfuta aka zana siffar anzim da siffar sinadari aka ga kamar za su dace, shi ke nan.

Tsakanin ramin faranti da ƙarin da ke jikin mace akwai doguwar tafiya. Abin da aka haɗiya sai ya tsira daga tsamin ciki, ya ratsa bangon hanji, ya wuce hanta wadda aikinta ke nan farfasa baƙon abu, ya tsere wa ƙoda, sannan abin da ya rage ya isa ƙarin da yawan da zai yi tasiri, ba tare da ya illata zuciya ko ɓargo ba. Dubi gangamau da muke sa wa a abinci. Sinadarin da ke ba shi launi ya toshe anzim iri-iri a kwalba, an yi rubuce-rubuce dubbai a kansa, amma kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini in an ci, kuma har yau bai zama maganin sankara ba. Ko a hannun manyan masana abin kan kuɓuce. Akwai wani sinadari, iniparib, da aka yi ta murna da shi saboda gwajin farko a jikin mata ya yi kyau. Da aka faɗaɗa gwajin, a 2011 ya faɗi, daga baya ma aka gano ba ya toshe anzim ɗin da ake cewa yana toshewa yadda aka zata. Cikin magunguna goma da suka tsallake faranti da ɓera har aka fara ba mutane, kusan tara ba sa kai labari. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada a ɗauka ina raina ganye. Da sabara aka yi mini wankan jego, kuma zogalen Jiratawa ba ya yankewa a gidana. Cikin ruwan da aka ƙara wa Yaya akwai wanda asalinsa ɓawon itace ne. Daga 1960 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta shiga tattara tsirrai, ta gwada tsimi kusan 114,000 daga tsirrai kimanin 15,000. A 1962 aka ɓantaro ɓawon wani itace a dazukan yammacin ƙasar, kuma sai a 1992 maganin da ya fito daga gare shi, Taxol, ya samu izini. Shekara 30, kuma ɗaya ne cikin ƴan ƙalilan da suka fita daga wannan tari. Akwai kuma jan ruwan nan da ya firgita Yaya ranar farko, da ta ga fitsarinta ya yi ja ta ɗauka jini ne. Daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo shi a Italiya, shi ma wani anzim yake hana wa aiki, wanda ke warware zaren gado in ƙwaya za ta rabu biyu. Sabara da zogale su ma an ɗiga tsiminsu a kan irin farantan nan, an ga alamu. Alhamdu lillahi, a ci gaba. Amma alama mafarin tafiya ce, kuma mai ƙulla gari a leda bai taka ko taki ɗaya daga cikinta ba.

Hasali ma mu ne muka fi kowa bukatar wannan bincike ya yi nisa. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ba ruwanta da estirojin, letrozol ba ya yi mata komai, tamoksifen, wata ƙwaya mai tare wa estirojin hanya, ita ma haka, kuma wannan iri mai zafin nama ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma in aka kwatanta da Turawa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta sun bincika mata sama da 1,100 masu cutar a Ibadan, suka fitar a 2018 cewa kusan 11 cikin 100 suna ɗauke da taɓo na gado a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado biyu da ake kira BRCA. Irin waɗannan mata ne wani sabon mai toshe anzim ya dace da su. A 2005 masana a Ingila suka nuna a faranti cewa ƙwayar sankara mai wannan taɓo kamar rumfa ce mai dirka biyu da ɗaya ta riga ta karye: in ka zare ta biyun, wato anzim mai suna PARP, sai ta rufta, lafiyayyar ƙwaya kuwa ta tsaya a kan dirkarta ɗaya. Wannan karon faranti ya yi gaskiya, amma sai a 2018 aka ba maganin, olaparib, izini don sankarar mama. Haka palbosiklib da ya fito a 2015, mai toshe anzim ɗin da ke ba ƙwaya umarnin rabuwa. Da aka haɗa shi da letrozol ga matan da cutar ta bazu a jikinsu, lokacin da take ɗauka kafin ta sake motsi ya tashi daga wata 14 da rabi zuwa kusan wata 25. Jinkiri ne mai daraja ga uwar da ke son ta ga auren ɗiyarta, ko da yake ba warkewa ba ne, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Mafi yawan ƙwayoyin da ake gwaji da su a duniya daga jikin Turawa aka ɗebo su. Ina fatan ranar da yaran da na koyar za su zauna a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a nan garinmu, su yi irin wannan aiki da cutar matanmu da itatuwan dajinmu, su faɗi abin da suka gani ba ƙari ba ragi.

Kafin wannan rana, abin da ya fi damuna ƙarami ne kuma yana kusa. Duk waɗannan magunguna ba a ba da su da ka. Sai an duba naman an san irin sankarar, mai cin estirojin ce ko a'a. Takardar nan da muka jira sati bakwai ita ce ta ce letrozol zai yi wa Yaya aiki. Mata nawa ne a Tibiri da Madarunfa da Dakwaro da ba su taɓa samun wannan takarda ba? Wata maƙwabciyar Yaya, mai shekara talatin da ƴan kai, tana goyo, ta ji ƙullutu, ta zo tana roƙon a sammata ko ƙwaya biyar, tunda ta ga Yaya ta miƙe. Ba ta san cewa ga macen da ke al'ada wannan ƙwaya ita kaɗai ba ta da amfani ba, don gidan ƙwai na nan yana aikinsa. Da ƙyar na shawo kanta ta je a duba ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu hali fiye da 90 cikin 100 na kaiwa shekara 5 a raye, a Afirka ta Kudu kuwa kimanin 40 ne. Wannan tazara ba rashin sabon sinadari ne ya kawo ta ba. Zuwa a makare ne, da jiran sakamako, da yanke magani a tsakiya. Hukumar na so a gama gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti. Mu a Nijar sai a 2021 aka fara gashi da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, kuma an gode Allah, don kafin nan sai mai halin fita waje. In da gwajin naman nan zai samu a kusa, cikin sati biyu, a farashin da mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta iya, da ya ceci matan jihar nan fiye da kanun labari ɗari.

Roƙona gare ku, Malam Edita, kada ku daina buga labarin bincike, ni kaina ina jin daɗin karantawa. Amma ku tambayi labarin kafin ku sake shi: a kwamfuta aka yi, ko a faranti, ko a ɓera, ko a jikin mutane, kuma mutum nawa? Amsar ta hau kanu, kada a ɓoye ta a layin ƙarshe, don mai ɗaukar hoton shafi kanu kawai yake ɗauka, mai saurare a waya kuma shi kaɗai ake karanta mata. In faranti ne, ku rubuta faranti da manyan baƙaƙe. Ku ƙara layi ɗaya cewa duk wadda likita ya ɗora a kan magani kada ta ajiye shi saboda wannan labari. Kuma in watan Oktoba ya zo ana ta sa kyalle mai ruwan hoda, ku aiki wakilinku ya bi mace ɗaya daga ƙauye tun ranar da ta ji ƙullutu har ranar da takarda ta fito, ya ƙirga kwanakin da kuɗin, ku buga mana.

Ranar Litinin da ta biyo baya na ɗauki Yaya a adaidaita muka koma wurin likita, da katin da ledar duka. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, da kin gaya mini gwiwa ta dame ki, ai akwai dabara." Ya rubuta mata maganin ƙarfin ƙashi da na zogi, ya ce ta riƙa ɗan tattaki da safe, in kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai ƴar'uwar ƙwayar da za a iya canja mata. Ta koma sha. Yanzu bayan sallar asuba takan zaga har bakin titi ta dawo, jikanta na riƙe da hannunta. Amma ledar garin na nan a ƙarƙashin gado, ta hana in zubar. Na yi bayani har na gaji, na kawo mata misalin hanta da na injin niƙa, ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Auta, ke ƙanwata ce, dole ki faɗi abin da zai sa in sha. Jaridar da ta faɗa, in ta sake magana, ki kawo ki karanta mini."

In kun buga wannan, ranar Asabar zan kai mata.

Wassalam,
Wata malamar ilimin halittu,
Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi